Darasi na 14: Masu Fatsa da Kifin Salmon a Kogin Tay

Gabatarwa

Wannan darasi ya ƙunshi nassin karatu a kan wata tsohuwar al'ada ta ƙasar Sikotlan, wato kamun kifin salmon da fatsa don nishaɗi, da kuma halin da al'adar ta shiga tun da kifin ya fara raguwa. Manufar darasin ita ce ɗalibi ya ga yadda Hausa take bayyana abin da babu shi a ƙasar Hausa, ta hanyar aron kalma, ko siffantawa, ko faɗaɗa ma'anar kalmar da ake da ita. A karanta nassin sau biyu: na farko ba tare da duba ma'anar kalmomi ba, na biyu kuma a tsanake. Bayan haka sai a koma ga bayanin nahawu da tambayoyi.

1. Su don ci da su don nishaɗi

A wurin Bahaushe su sana'a ce. Masunci yakan shiga ruwa da koma ko taru ko birgi domin ya ci da iyalinsa, abin da ya rage kuma ya kai kasuwa. A Birtaniya akwai wani irin su na daban. Mutum yakan biya kuɗi masu yawa, ya tsaya cikin ruwan sanyi har ƙugu tun hantsi har faɗuwar rana, yana jefa fatsa. In ya yi sa'a ya kama kifi ɗaya, sai ya cire masa ƙugiya a hankali, ya sake shi ya koma ruwa. Wanda bai san dalili ba zai ɗauka wauta ce. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kifin da ake nema ya yi ƙaranci, har ya zama kashe shi yana iya kawo ƙarshen al'adar baki ɗaya.

2. Kogin Tay

Tay shi ne kogi mafi tsawo a Sikotlan. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 190, kuma babu kogin da ya kai shi yawan ruwa a duk Birtaniya. Yana tasowa ne daga gangaren dutsen Ben Lui da ke yamma, ya ratsa wani babban tafki mai suna Loch Tay, ya fito a ƙauyen Kenmore. Daga nan ya gangaro ta garuruwan Aberfeldy da Dunkeld da birnin Perth, ya faɗa teku a kusa da birnin Dundee. Ƙananan koguna da yawa suna zuba a cikinsa, kamar Tummel da Lyon da Isla, kuma a cikin rassan nan ne mafi yawan kifin yake hayayyafa.

Ana buɗe lokacin kamun salmon a Tay ranar 15 ga Janairu, a rufe ranar 15 ga Oktoba. Ranar buɗewa masu fatsa sukan taru, masu busa algaita mai salka suna gaba, a yi jerin gwano zuwa bakin ruwa. Wani babban baƙo yakan zuba barasar wiski a kan jirgin da zai fara shiga, bisa al'adar mutanen wurin, sa'an nan a jefa fatsar farko. Dokar ƙasar ta hana kamun salmon ranar Lahadi.

3. Rayuwar kifin

Salmon na tekun Atlantika kifi ne mai gida biyu. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, a ruwan gishiri yake girma. A watannin Nuwamba da Disamba macen takan tona rami da wutsiyarta a cikin tsakuwar ƙasan rafi, ta zuba dubban ƙwai, namiji ya barbare su, ta rufe da tsakuwa. Ƙwan yakan kwana cikin tsakuwa duk tsawon hunturu, ya ƙyanƙyashe idan sanyi ya fara sauƙi. 'Ya'yan sukan zauna a rafi shekara biyu ko uku suna cin ƙwari. Idan sun kai tsawon tafin hannu, sai launinsu ya koma fari fat kamar azurfa, jikinsu ya shirya wa ruwan gishiri, su gangara teku a watannin Afrilu da Mayu.

Daga bakin teku sukan nufi arewa, zuwa tekun Norwe da kewayen tsibiran Faro. Waɗansu har gaɓar yammacin Girinlan suke kaiwa, tafiyar dubban kilomitoci. A can suke cin ƙananan kifaye su yi ƙiba. Bayan shekara ɗaya, ko biyu, ko uku, sai su juyo gida. Abin mamaki shi ne, mafi yawansu kogin da aka haife su suke komowa, sau da yawa ma rafin da suka fito. Masana suna ganin cewa a tsakiyar teku maganaɗisun ƙasa ne yake yi musu jagora, idan sun matso gaɓa kuma sai su gane ruwansu da ƙanshi.

Da zarar salmon ya shigo ruwan daɗi sai ya daina cin abinci. Da kitsen da ya tara a teku yake haurowa, yana tsallake duwatsu da magangarun ruwa, wani lokaci har wata da watanni. Bayan an yi ƙwai, mafi yawan iyayen sukan mutu saboda gajiya da rama. Kaɗan ne suke samun komawa teku su sake dawowa.

4. Yadda ake fatsar

Tun da kifin ba ya cin abinci a kogi, me ya sa yake kama ƙugiya? Waɗansu masu fatsa sun ce haushi ne, waɗansu sun ce tunawa yake yi da abin da ya saba farauta a teku. Wannan rashin tabbas yana daga cikin abin da yake jan hankalin mutane zuwa ga al'adar.

Hanyar da aka fi girmamawa ita ce ta ƙudan ƙarya. Akan ɗaura gashin tsuntsu da zare mai launi a jikin ƙugiya, ta yi kama da wani ɗan halitta mai rai. Sandar fatsar doguwa ce, takan kai mita huɗu ko fiye, da hannu biyu ake riƙe ta. A gindinta akwai wani ƙarfe mai kama da kwarkwaro wanda ake naɗe igiya a jikinsa. Mai fatsa yakan wurga igiyar ta ƙetare ruwa, ya bar igiyar ruwa ta jawo ƙudan a hankali, ya yi taku ɗaya gaba, ya sake wurgawa. Haka zai yi ta yi har ya gama da gurbin.

A dokar Sikotlan, haƙƙin kamun salmon dukiya ce da ake saya, ake sayarwa, ake gado, kuma yana iya kasancewa a hannun wanda ba shi ne mai gonar da ke bakin kogin ba. An yanka kogin gunduwa-gunduwa, kowane yanki da mai shi. Wanda ya jefa fatsa ba tare da izini a rubuce ba ya yi laifi. Yankuna da yawa suna da ma'aikaci da ake kira gili, kalmar da ta fito daga harshen Gelik na mutanen tsaunukan ƙasar. Gili shi ne ya san inda kifi yake kwanciya idan ruwa ya ƙaru da inda yake komawa idan ya janye. Shi yake tuƙa jirgi, ya zaɓa wa baƙo ƙuda, ya tsamo kifin da raga.

Labarin da ya fi shahara a Tay na 'yar wani gili ne. Ranar 7 ga Oktoba 1922, Georgina Ballantine tana cikin jirgi tare da mahaifinta a yankin Glendelvine, kusa da ƙauyen Caputh, sai wani ƙaton kifi ya kama ƙugiyarta da yamma. Ta yi fama da shi kimanin sa'o'i biyu, har duhu ya yi, kafin ya gaji. Da aka auna shi sai aka sami laba 64, wato kimanin kilo 29. An ba da namansa kyauta ga asibitin Perth. Fiye da shekara 100 ke nan, ba a sami wanda ya kama salmon da ya fi wannan nauyi da fatsa a Birtaniya ba.

5. Raguwar kifin

Tun 1952 hukumomin Sikotlan suke tattara adadin salmon da ake kamawa kowace shekara. A 2010 masu fatsa sun kama fiye da 110,000 a duk ƙasar, adadi mafi yawa a tarihin ƙididdigar. A 2018 adadin ya faɗo ƙasa da 40,000. A 2023 kuwa bai kai 34,000 ba, kuma kafin wannan shekarar ba a taɓa ganin ƙarancin da ya kai haka ba tun da aka fara lissafi. A 2024 kamun ya ɗan farfaɗo, amma bai kai rabin na 2010 ba.

Akwai abin lura game da waɗannan alƙaluma. Adadin abin da aka kama ba shi ne adadin abin da ke cikin ruwa ba. Shekarar da aka yi fari, kogi ya janye, kifi ba ya kamuwa ko da yana nan. Haka kuma, yawan kamun 2010 yana iya yaudarar mai karatu. A shekarun 1960 masu taru ne suke kwashe mafi yawan kifin a gaɓar teku da bakin koguna, dubban ɗaruruwa kowace shekara. Da aka yi ta janye tarun, kamar yadda aka yi a bakin Tay a shekarun 1990, sai kifin da a da taru yake tarewa ya riƙa isowa wurin masu fatsa. Wato kamun fatsa ya ƙaru a daidai lokacin da kifin da yake dawowa daga teku yake raguwa. Da tarun suka ƙare, babu sauran abin da zai rufe asirin raguwar.

Matsalar ba ta tsaya a Sikotlan ba. Ƙungiyar NASCO, wadda ƙasashen da ke kewaye da arewacin Atlantika suka kafa a 1984 don kare kifin, mai hedkwata a birnin Edinbara, ta bayyana cewa yawan salmon a teku ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1983 da 2016. A watan Disamba 2023, ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa salmon na Birtaniya a jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. A watan Yuni 2024, ƙasar Norwe ta rufe koguna 33 a tsakiyar lokacin fatsa saboda kifin da ya dawo bai taka kara ya karya ba.

6. Dalilan raguwar

Babban rauni yana teku. Masu kula da kifin sun kiyasta cewa kimanin shekara 50 da suka wuce, cikin kowane 'ya'yan kifi 100 da suka fita daga kogunan Sikotlan, wajen 25 sukan dawo. A 'yan shekarun nan waɗanda suke dawowa ba su fi 5 ba. Ɗumamar teku ta sauya wuraren da ƙananan halittun da kifin yake ci suke taruwa, har ɗan kifin da ya fito daga kogi yakan rasa abinci a makonninsa na farko. Waɗansu kuma sukan faɗa tarun manyan jiragen da ke neman wasu kifayen. A da ma an yi wa salmon kamun ƙare dangi a inda yake kiwo: a 1971 kaɗai an kama kusan tan 2,700 a yammacin Girinlan. An rage wannan kamu ƙwarai ta hanyar yarjejeniyar ƙasashe, da kuma ƙoƙarin wani ɗan kasuwa na ƙasar Aisilan, Orri Vigfússon, wanda ya kafa asusu a 1989 don biyan masu taru diyya su daina.

A cikin kogi ma akwai matsaloli. Salmon kifin ruwan sanyi ne, yakan shiga wahala idan zafin ruwa ya kai digiri 23. A lokacin zafi na 2018 koguna da yawa a Sikotlan sun kai wannan mataki, musamman ƙananan rafukan kan tudu waɗanda ba su da inuwa, domin an daɗe da sare dazuzzukan wurin, barewa da tumaki kuma suna cinye duk tsiron da ya fito. Ga kuma madatsun ruwa na samar da lantarki da aka gina a rassan Tay a tsakiyar ƙarni na 20. Ga taki da maganin ƙwari da laka da ke gangarowa daga gonaki suna toshe tsakuwar da ƙwai yake kwanciya. Ga tsuntsaye masu cin kifi da karnukan teku da ke jira a bakin kogi. A gaɓar yamma, inda ake kiwon salmon cikin keji a teku, ƙwarƙwatar ruwa takan yaɗu daga kifin keji zuwa 'ya'yan kifin daji masu wucewa. Tay yana gabas, inda babu irin waɗannan kejuna, amma duk da haka kifinsa ya ragu. Wannan ya nuna cewa ba dalili ɗaya ba ne.

7. Matakan da aka ɗauka

Mataki mafi girma ya fito ne daga masu fatsa su kansu. A 1994, lokacin da aka fara lissafin kifin da ake mayarwa ruwa, kashi 8 cikin 100 ne kawai ake saki. A 'yan shekarun nan abin ya haura kashi 90. Doka ta biyo baya. Tun 2002 an hana sayar da salmon da aka kama da fatsa. Duk wanda aka kama kafin 1 ga Afrilu dole a mayar da shi, domin kifin farkon shekara shi ya fi raguwa. A 2016 an hana kamun taru a gaɓar teku, aka kuma fara kasa koguna aji uku kowace shekara bisa yawan ƙwan da ake sa ran za a zuba a cikinsu. A kogin da ya faɗa aji na ƙarshe, ba a yarda a kashe ko kifi ɗaya ba. A 2024 kusan kashi biyu cikin uku na wurare 173 da aka auna suna wannan aji.

An kuma yi gyara a jikin kogin. A madatsar Pitlochry akwai matakalar kifi mai tsawon mita 310 da gurabun ruwa 34, wadda kifi yake bi ya haura saman madatsar tun farkon shekarun 1950. Kogin Garry, wanda aka karkatar da ruwansa don lantarki har ya ƙafe kimanin shekara 60, an maido masa da ruwa a 2017, kuma salmon ya koma yin ƙwai a cikinsa. A kogin Dee da ke arewa da Tay, an ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya a bakin rafuka a 2020, domin inuwa ta sanyaya ruwa. A 2022 gwamnatin Sikotlan ta fitar da tsarin ƙasa na ceto kifin.

8. Muhawara

Ba a taru an zama ɗaya a kan abin da ya kamata a yi ba. Gilaye da masu yankuna da yawa suna so a ƙara gidajen ƙyanƙyasa, a riƙa zuba 'ya'yan kifi a kogi, a kuma ba su izinin rage tsuntsaye da karnukan teku. Hujjarsu ita ce itacen da aka dasa yau sai bayan shekaru zai yi inuwa, alhali aikinsu na iya ƙarewa kafin nan. Wani bincike da gwamnatin Sikotlan ta wallafa a 2017 ya kiyasta cewa masu fatsa suna kashe kimanin fam miliyan 135 a shekara, kuma ayyuka wajen 4,300 sun dogara da su. Yawancin ayyukan nan a ƙauyuka suke, inda otal da kanti ba su samun baƙi a watan Fabrairu in ba masu fatsa ba.

Masana kimiyya da yawa suna ɗari-ɗari da gidajen ƙyanƙyasa. Sun ce kifin da ya tashi a kwatami bai koyi gudun abokin gaba ba, kaɗan ne daga cikinsa yake dawowa, kuma idan ya haɗu da na daji yakan raunana irin da ya daɗe da sabawa da rafinsa. A ganinsu, kuɗin ya fi amfani idan an kashe shi wajen rushe tsofaffin shingaye da tsabtace ruwa.

Akwai kuma rukuni na uku da ke tambaya: in har kifin yana cikin haɗari, me ya sa ake soka masa ƙugiya don nishaɗi? Bincike ya nuna cewa mafi yawan kifin da aka saki da kyau yana rayuwa har ya yi ƙwai, amma mutuwa takan ƙaru idan ruwa ya yi ɗumi, ko an daɗe ana jan kifin, ko an fitar da shi daga ruwa don ɗaukar hoto. Masu fatsa sukan amsa da cewa kuɗin da masu yankuna suke biya ne yake ɗaukar nauyin hukumomin koguna da masu gadin da ke korar ɓarayin kifi. Ranar da aka hana fatsa, kogi zai rasa waɗanda suke kwana da tashi a bakinsa suna lura da lafiyarsa.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa kogi yana iya rasa kifinsa, yana kuma iya samunsa. Ƙazantar masana'antu ta kori salmon daga kogin Clyde na birnin Glasgow fiye da shekara 100, amma da aka tsabtace ruwan sai ya dawo a farkon shekarun 1980. Bambancin wancan lokaci da wannan shi ne, a da cutar tana cikin kogi, inda hannun mutum yake kaiwa. Yanzu mafi yawanta tana tsakiyar teku. Abin da ya rage wa mutanen Tay shi ne su tura 'ya'yan kifi masu yawa, masu lafiya, zuwa teku kowane watan Mayu, su kuma bar waɗanda suka dawo su isa tsakuwar da za su yi ƙwai.

Ma'anar kalmomi

su: kamun kifi. Ana furta shi da dogon wasali da faɗuwar murya, saɓanin wakilin suna "su".
masunci: mai sana'ar su. Jam'i: masunta.
fatsa: kamun kifi da sanda da igiya da ƙugiya, haka kuma kayan aikin kansa.
koma: ragar kamun kifi ta hannu.
taru: doguwar raga da mutane da yawa suke ja.
birgi: ragar da ake wurgawa ta baje a kan ruwa.
gurbi: wuri mai zurfi a cikin kogi inda ruwa yake kwanciya. Jam'i: gurabu.
kwarkwaro: ɗan icen da ake naɗe zare a jikinsa.
salka: jakar fata ta ɗaukar ruwa. A nassin an aro kalmar don siffanta jakar iskar da ke jikin algaitar Sikotlan.
laba: ma'aunin nauyi, ɗan ƙasa da rabin kilo. Kada a haɗa shi da "fam", wanda kuɗi ne.
kwatami: ramin da aka gina don tara ruwa.
ɗari-ɗari: rashin sakin jiki da abu.
ƙare dangi: abin da ake yi ba tare da barin saura ba.
bai taka kara ya karya ba: bai kai wani abin a zo a gani ba.
ruwa ba ya tsami banza: duk abin da ya faru yana da dalili.

Bayanin nahawu

(a) Aikatau mai ƙarewa da -o. Wannan siga tana nuna cewa aikin ya nufo inda mai magana yake, ko inda labarin ya tsaya. Nassin ya tsaya ne a kogi, saboda haka kifi yana gangarawa teku, amma yana komowa gida. A kwatanta: koma da komo, juya da juyo, haura da hauro, shiga da shigo, matsa da matso, faɗi da faɗo.

(b) Aikatau mai ƙarewa da -u. Wannan siga tana nuna cewa abu ya auku ga mai aikin, ko kuma yana yiwuwa a yi shi. Misalai: an rage kifi, kifi ya ragu, an ƙara ruwa, ruwa ya ƙaru, an tara mutane, mutane sun taru, an yaɗa cuta, cuta ta yaɗu. A jimlar "kifi ba ya kamuwa", ma'anar ita ce ba a iya kama shi.

(c) Lokaci sabau. Ana amfani da -kan don abin da aka saba yi: yakan biya, takan tona, sukan zauna, akan ɗaura. A lura cewa idan ayyuka suka jeru, na farko ne kaɗai yake ɗaukar -kan: "takan tona rami, ta zuba ƙwai, ta rufe."

Tambayoyi

1. Wane bambanci nassin ya nuna tsakanin su a ƙasar Hausa da fatsar salmon a Birtaniya?
2. A bayyana rayuwar salmon daga ƙwai har zuwa dawowarsa kogi, a cikin jimloli shida.
3. Mene ne aikin gili?
4. Me ya sa yawan kamun 2010 yake iya yaudarar mai karatu?
5. Wace hujja nassin ya kawo don nuna cewa kiwon kifi a keji ba shi kaɗai ne dalilin raguwar ba?
6. A kawo matakai uku na doka tare da shekarunsu.
7. Me ya bambanta matsalar kogin Clyde da matsalar Tay?

Aikin aji da na gida

(a) A tsamo aikatau goma masu ƙarewa da -o daga nassin, a rubuta kowanne a sabuwar jimla.

(b) A mayar da sakin layi na farko na kashi na 3 zuwa shuɗaɗɗen lokaci, kamar labarin kifi ɗaya ake bayarwa.

(c) A kasa aji gida uku: gilaye, masana kimiyya, da masu adawa da fatsa. Kowane rukuni ya kare ra'ayinsa na minti biyar, yana amfani da alƙaluman da ke cikin nassin.

(d) A rubuta insha'i mai kalmomi 300 a kan wani kogi ko tafki na ƙasar da ɗalibi yake zaune: wane kifi ake kamawa, da wane kayan aiki, kuma me dattawan masunta suke faɗa game da yawansa a da da yanzu.